Gini Ya Tashi, Inji Ya Iso, Saura Gwani

A cikin watan Yuli na shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta buɗe sababbin wuraren maganin ciwon daji guda uku a ƙasar nan, ɗaya a Inugu, ɗaya a Binin, ɗaya kuwa a nan birnin Katsina, cikin Asibitin Koyarwa na Tarayya. Wannan abin godiya ne ƙwarai, gama kafin wannan lokaci duk mutumin ƙasar Katsina ko Daura da likita ya ce ciwonsa sai an gasa shi da haske, to, sai ya ɗaura tafiya zuwa Zariya ko Sakkwato ko Abuja, ya kama ɗaki a garin da bai san kowa ba, ya bi layi, wani lokaci ma ya tarar injin ya tsaya. Masu hali sukan haura Masar ko Indiya. Marasa hali kuwa sukan koma gida su yi shimfiɗa, su jira hukuncin Allah. Saboda haka muna yi wa Katsinawa barka, muna kuma yi wa waɗanda suka tsaya har aikin ya tabbata Allah ya saka da alheri.

Amma fa akwai magana, kuma gara a faɗe ta tun fentin ginin bai dushe ba. Inji ba ya duba majiyyaci, ba ya riƙe wuƙar fiɗa, ba ya kuma sanin macen da ta kamaci gashi da wadda ta kamaci aiki. Duk wannan sai mutum. A cikin mutanen da wannan sabon wuri yake bukata kuwa, akwai wani irin likita wanda mu a ganinmu shi ya fi wuyar samu a ƙasar nan, shi ne gwanin ciwon dajin mata, watau likitan da ya gama koyon aikin haihuwa da cututtukan mata sarai, sa'an nan ya sake komawa almajiranci shekara 2 ko 3 a kan dajin mahaifa da abin da ke kewaye da ita kaɗai. Ra'ayinmu shi ne a kafa wannan horo a Katsina, a kuma fara shi yanzu. Ga dalilanmu.

Yawan ɓarnar

Bisa ga lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2020 mata kimanin 12,000 ne aka samu da dajin bakin mahaifa a Nijeriya, kimanin 8,000 kuwa suka riga mu gidan gaskiya ta sanadinsa. Duk malamin da ya raba 8,000 da kwanakin shekara zai ga abin ya ɗara mata 20 kowace rana. In ka ɗauke dajin nono, babu dajin da ya kai shi yawa cikin matan ƙasar nan. Abin da ya ƙara wa al'amarin ɗaci kuwa shi ne shekarun da yake kama mace, gama galibi yakan same ta tana tsakiyar ƙarfinta, ga goyo bai daɗe da sauka ba, ga yara a makaranta, ga 'yar sana'arta ta cikin gida wadda ake cefane da ita ranar da aljihun maigida ya bushe. In irin wannan mace ta kwanta, gidan duka ya kwanta.

Asalin wannan ciwo sananne ne yanzu. Wani masani Bajamushe, Harald zur Hausen, shi da abokan aikinsa suka gano a shekarun 1983 da 1984 cewa wata ƙwayar cuta da ake kira HPV ita ce ke haddasa shi, har aka ba shi lambar Nobel a 2008 saboda wannan bincike. Ƙwayar iri-iri ce, amma iri biyu, mai lamba 16 da mai lamba 18, su ke jawo kimanin kashi 70 cikin 100 na dajin bakin mahaifa. Ana ɗaukarta ta hanyar saduwa, kuma ta yawaita cikin 'yan Adam har galibin maza da mata sukan gamu da ita wani lokaci a rayuwarsu, jiki ya kore ta ba su ma sani ba. Saboda haka kada wani ya ɗauki wannan ciwo a kan shaidar lalata, gama yana kama macen da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta. Inda ƙwayar ta ƙi fita, sai ta zauna tana ɓata fatar bakin mahaifa sannu a hankali, shekara 15 ko 20, kafin abin ya rikiɗe ya zama daji. Ga mace mai cutar ƙanjamau kuwa yakan fi haka sauri.

Ba shi kaɗai ba ne. Akwai dajin jakar ƙwai, mai shigowa a ɓoye, mace ta yi ta fama da kumburin ciki da saurin ƙoshi ana ce mata gyambon ciki ne ko ɓacin abinci, sai ruwa ya taru a cikin kana a farga. Akwai dajin cikin mahaifa kanta, wanda alamarsa ita ce jini ya dawo wa macen da ta riga ta daina al'ada. Akwai kuma wani da ke tasowa daga mabiyiya, galibi bayan irin cikin nan da ba ɗa a cikinsa sai ƙulle-ƙulle masu ruwa kamar 'ya'yan inabi. Wannan na ƙarshe yakan kama 'yan mata masu ƙuruciya, yakan kuma yi gudu zuwa huhu, amma tun 1956, lokacin da wani likita a Amurka mai suna Min Chiu Li ya warkar da wata mace da maganin metotireksat, aka san cewa yana jin magani ƙwarai ko da ya bazu. Yarinyar da ta faɗa hannun wanda ya san shi takan warke har ta sake haihuwa. Wadda ta faɗa hannun wanda bai san shi ba kuwa, sai a yi ta wanke mata ciki ana sallamarta har lokaci ya ƙure.

Mene ne wannan horo?

Domin mai karatu ya gane bambancin, bari mu kawo misali daga abin da kowa ya sani. A karatun allo akwai gardi, akwai malam, akwai alaramma, akwai gwani. Duk masu Alƙur'ani ne, amma in gardama ta tashi a kan wani harafi mai wuya, wurin gwani ake zuwa. To, haka likitanci yake. Yaro ko yarinya kan yi shekara 6 a jami'a, sa'an nan shekara 1 ta koyon aiki a asibiti, da shekara 1 ta hidimar ƙasa. A nan ya zama likita. In yana son ya ƙware a aikin haihuwa da cututtukan mata, sai ya ƙara kimanin shekara 5 ko 6 a babban asibiti, ya ci jarrabawar Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ikko, wadda aka kafa a 1979, ko ta Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma. A nan ya zama alaramma a fanninsa, yana fid da jariri ta hanyar aiki, yana cire ƙari, yana cire mahaifa in ta lalace. Waɗannan likitoci su ke riƙe da matanmu dare da rana, kuma babu mai raina aikinsu sai wanda bai san shi ba.

Amma aikin daji wani abu ne dabam. In dajin bakin mahaifa bai yi nisa ba, ba mahaifa kaɗai ake cirewa ba, sai an haɗa da naman da ke gefenta da kaluluwar da ke kwance a jikin manyan jijiyoyin jini na ƙugu, sai kuma an bi magudanar fitsari guda biyu da ke saukowa daga ƙoda zuwa mafitsara an 'yantar da su a hankali, gama ta tsakiyar wurin aikin suka ratsa. Wani likitan Biyana mai suna Ernst Wertheim ya fara wannan irin fiɗa a 1898, har yau kuwa ana lissafa ta cikin mafi wuyar ayyukan mata. In hannu ya yi ƙasa, an bar daji a ciki. In hannu ya zarce, an bar mace da yoyon fitsari. A dajin jakar ƙwai kuwa tsawon ran mace yana rataye ne da yadda aka iya kwashe ciwon har ba a bar abin da ido ke gani ba, wani lokaci sai an yanke wani sashe na hanji an ɗinke, kuma bincike a ƙasashe dabam-dabam ya nuna matan da gwanin wannan fanni ya yi wa aiki sun fi daɗewa a duniya.

Rabin gwanintar ma ba a hannu take ba, a sanin inda za a tsaya take. Macen da dajinta ya riga ya ratsa gefen mahaifa ba ta bukatar wuƙa, abin da ya kamace ta shi ne gashi daga waje wajen mako 5, tare da maganin sisfilatin sau ɗaya a mako, sa'an nan gashin ciki, inda ake kai hasken har bakin mahaifa, a kuma gama duka cikin mako 8, domin in aka ja lokaci ya wuce haka ciwon yakan farfaɗo. In aka yi gaggawar buɗe irin wannan mace aka cire mahaifa kawai, an ƙara mata wahala, an kuma ɓata wa mai gashi aikinsa. Mai horon nan yakan koyi auna matakin ciwo, da ba da magunguna masu ƙarfi da lura da illarsu, da zama kowane mako tare da likitan gashi da likitan awon tsoka su yanke shawara a kan kowace majiyyaciya. Yakan kuma koyi abin da ake yi wa wadda ciwonta ya fi ƙarfin magani, watau kashe mata zafi da maganin mofin, da tsayar da jini da wari, da gaya wa danginta gaskiya cikin ladabi, domin ta cika da mutuncinta a tsakanin 'ya'yanta.

A Amurka an ware wannan fanni tun farkon shekarun 1970, kuma likita yakan yi shekara 3 ko 4 yana wannan almajiranci. A Afirka ma an soma. A garin Eldoret na ƙasar Kenya, Jami'ar Moi ta haɗa kai da Jami'ar Toronto ta Kanada suka fara horon a 2012. A 2017 kuwa Ƙungiyar Duniya ta Likitocin Dajin Mata ta fito da wani tsari na shekara 2 domin ƙasashen da ba su da horon, inda almajiri ke zaune a asibitin ƙasarsu, gwanaye na waje suna zuwa lokaci-lokaci su tsaya tare da shi a ɗakin fiɗa, kowane wata kuma a tattauna majiyyata ta intanet, yana rubuta kowane aiki da ya yi a littafi, a ƙarshe a yi masa jarrabawa. An bi wannan tsari a Uganda da Habasha da Mozambik da wasu ƙasashe. Abin da ya yiwu a can, me zai hana shi a nan?

Katsina ta taɓa yi

Kada wani ya ce wannan ya fi ƙarfin Katsina, gama garin nan ya saba da renon masana. Ba sai mun koma zamanin Gobarau da Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani ba. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko aka kafa Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, kuma daga cikin ɗakunanta na ƙasa aka sami Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello Sardauna da sauran waɗanda suka riƙe Jihar Arewa. Amma misalin da ya fi kusa da zancenmu yana Babbar Ruga. A 1983 wani likita mutumin Holan, Dakta Kees Waaldijk, ya zo asibitin nan domin aikin kuturta, sai ya tarar da matan da doguwar naƙuda ta bari da yoyon fitsari, miji ya sake su, dangi na ƙyamarsu. A 1984 ya soma ɗinke su. Bai tsaya ga aikin hannunsa kaɗai ba, ya riƙa karɓar likitoci da nas-nas suna zama tare da shi suna koyo, har dubban mata suka warke, har likitoci suka riƙa zuwa daga wasu ƙasashe domin su koyi aikin a ƙasar Katsina. Yau wurin ya zama Cibiyar Yoyon Fitsari ta Ƙasa.

Me ya kawo wannan nasara? Ba tsadar kayan aiki ba ce. Majiyyata ne da yawa, da gwani guda wanda ya zauna bai tashi ba, da almajirai a gefensa, da littafi wanda ake rubuta kowane aiki da sakamakonsa. Waɗannan su ne jarin horon fiɗa ko'ina a duniya. Ga shi kuma an yi dace, domin wanda ya ƙware a ɗinkin mafitsara ya riga ya san lungunan da likitan dajin mata yake bi, saboda haka almajirin daji da ya yi 'yan watanni a Babbar Ruga zai sami abin da takwaransa na London ba zai samu ba. Majiyyata kuwa ba za a rasa ba, gama bayan ƙananan hukumomi 34 na jihar, ga Zamfara da Jigawa, ga kuma 'yan'uwanmu na Maraɗi waɗanda Katsina ta fi musu Yamai kusa nesa ba kusa ba, ko da yake Nijar ta buɗe nata wurin gashin a Yamai a 2021.

Masu ja da baya

Mun san akwai masu cewa rigakafi ya fi magani, kuɗin da za a kashe wa likita guda ya isa a yi wa 'yan mata da yawa allura. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, mu ma muna bayan rigakafi ɗari bisa ɗari. Nijeriya ta soma yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar HPV kyauta a watan Oktoba na 2023, aka iso Katsina a zagaye na biyu cikin watan Mayu na 2024, kuma allura guda ta wadatar. Amma a yi lissafi. Yarinyar da aka yi wa allura tana da shekara 10 ba za ta kai shekarun da ciwon ke bayyana ba sai bayan shekara 25 ko 30. Uwarta fa, da gwaggonta, da yayarta da ke ɗakin miji? Su allura ta riga ta wuce su. Abin da ya rage musu shi ne awo, awo kuwa in ya yawaita tilas ya tono matan da ciwon ya riga ya kama. Ashe ba zalunci ba ne a kira mace a duba ta, a ce mata tana da daji, sa'an nan a ce babu mai yi mata aiki? Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ta fito da shirin kawar da wannan ciwo a watan Nuwamba na 2020, murhu ta kafa mai duwatsu uku: kafin 2030 a yi wa kashi 90 cikin 100 na 'yan mata allura, a auna kashi 70 na mata a shekara 35 da kuma 45, a kuma yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da ciwon magani. Kowace mace ta san abin da ke samun tukunya in aka janye dutse guda. Balle dajin jakar ƙwai da na mabiyiya, waɗanda allurar nan ba ta taɓa su ko kaɗan.

Akwai kuma masu cewa wahalar banza ce, da ka horar da likita sai ya tattara ya tafi Saudiyya ko Ingila. Wannan ma ba ƙarya ba ne, mun ga yadda asibitocinmu ke zubar da likitoci kamar bishiya da kaka. Amma a dubi abin da ya faru a Gana. Da can sukan aika likitocinsu Ingila koyon aikin haihuwa, kaɗan ne ke komowa. A 1989 suka kafa horon a gida, a Ankara da Kumasi, da taimakon abokai na waje, sai ga shi kusan duk waɗanda suka gama sun zauna suna aiki a ƙasarsu. Dalili a fili yake. Wanda ya koyi aiki a inda zai yi shi, da kayan da zai samu, a kan irin majiyyatan da zai gani, iyalinsa na gefensa, ya yi saiwa. Wanda aka kai wata ƙasa shekara 3 kuwa, 'ya'yansa sun shiga makaranta a can, hannunsa ya saba da kayan da babu su a gida, komowarsa sai ta zama hijira ta biyu. Ba mu ce kada a leƙa waje ba, a je wata 3 ko 6 a ga yadda ake yi, amma gindin karatun ya zauna a nan. Baƙin gwanaye masu zuwa mako guda su yi aiki su tafi, mun gode musu, sai dai zanen aro ba ya rufe katara.

Abin da muke roƙo

Na farko, shugabannin Asibitin Koyarwa na Tarayya su nemi amincewar kwalejojin nan biyu, su haɗa kai da asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Sakkwato, a yi horo guda wanda almajiri zai zagaya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma abin da wani asibiti ya rasa wani yana da shi.

Na biyu, a fara da likitocin mata da suka riga suka ƙware. Yarinyar da ta shiga jami'a a 2025 ba za ta kai matsayin gwani ba sai wajen 2040, amma ƙwararren da ke bakin aiki shekara 2 ko 3 kawai yake bukata. Ko mutum biyu aka ɗauka kowace shekara, kafin shekara 10 an sami waɗanda za su horar da na bayansu.

Na uku, Gwamnatin Jiha ta ɗauki nauyin nata likitocin, da cikakken albashi da kuɗin karatu, bisa sharaɗin su yi wa jiha aiki wasu shekaru bayan sun gama. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Amma sharaɗi yana hawa kan ɓangare biyu: in an ɗaure likita da alkawari, a ba shi ɗakin fiɗa da jini da magani, kada a ajiye shi yana kallon mata suna mutuwa hannunsa a naɗe.

Na huɗu, a ba likitoci mata fifiko wajen zaɓe, gama kowa ya san akwai matan da za su gwammace su mutu da ciwonsu da namiji ya duba su, akwai kuma mazan da ba za su bari ba.

Na biyar, kada a horar da gwani shi kaɗai kamar tsintsiya mai kara guda. Yana bukatar likitan awon tsoka wanda zai ba da sakamako cikin kwanaki, da likitan sa barci, da likitan gashi, da masanin lissafin haske, da nas-nas da suka san aikin daji. A kuma tabbata akwai kayan gashin ciki suna aiki, domin gashin waje kaɗai ba ya isar dajin bakin mahaifa. Asusun taimakon masu ciwon daji da Gwamnatin Tarayya ta soma a 2021, wanda dajin bakin mahaifa na cikinsa, lalle a ga matan Katsina sun san da shi, sun kuma sami rabonsu.

Rabonku, malamai

Kada akawu ya ce wannan zancen likitoci ne. Takardar neman hutun karatu ta kan teburinku take bi, takardar biyan kuɗi ma haka. Fayil ɗin da ya kwana wata 6 a cikin kabad ya isa ya sa likita ya rasa gurbinsa na shekara guda, shekarar nan kuwa rayukan mata ne. Ban da wannan, horo ba ya yiwuwa sai da lissafi. A zamanin En'e malaman jangali sun bi rugage suna ƙidayar shanu, malaman haraji sun san yawan magidantan kowace unguwa. In an iya ƙidaya shanu da alƙalami da tawada, ba abin kunya ba ne a kasa sanin mata nawa daji ya kama a kowace ƙaramar hukuma a zamanin kwamfuta? Malaman rajista na asibitoci su rubuta suna da gari da irin ciwo daidai, su kuma bi sawu su san wadda ta warke da wadda ta rasu.

Ku kuwa malaman makaranta, 'yan matan da ake yi wa allura a azuzuwanku suke. In jita-jita ta tashi cewa allurar tana hana haihuwa, ku ne iyaye za su tambaya, sai ku gaya musu gaskiya, babu wannan a cikinta. Mun ga abin da irin wannan magana ta jawo a 2003 game da shan inna, yadda aka dakatar da rigakafi a wasu jihohi yara suka shanye, sai a 2020 aka tabbatar an rabu da cutar. Kada a sake faɗawa ramin da aka riga aka sani.

Muna kuma kai kuka ga malamanmu na zaure da na Islamiyya. Sau da yawa macen da jini ya ƙi ɗauke mata ba likita take fara tambaya ba, malam take aika wa, domin ta san hukuncin sallarta da azuminta. Malam yakan ba ta amsa daidai da abin da ke cikin Ahalari da Risala, cewa abin da ya wuce iyakar kwanakin haila istihala ne, ta yi wanka ta yi salla. To, muna roƙo a ƙara mata kalma guda: ta je asibiti a duba ta. Jini bayan saduwa, da jini tsakanin al'ada da al'ada, da jini bayan an daina al'ada, da ruwa mai wari da ya ƙi jin magani, duk alamu ne da ba a kwana da su. Maigida kuma da ya ji haka, izni da kuɗin mota suna wuyansa, kada ya tsaya sai an gama zagayen masu magani ana cewa sammu ne ko iska, gama gwani komai gwanintarsa ba ya komo da abin da lokaci ya riga ya ci.

Ana yi wa Katsinawa kirari da cewa kunya gare su, ba dai tsoro ba. Kunya ado ce, ba mu ce a yar da ita ba, amma kunyar da za ta sa uwa ta ɓoye jini shekara guda har ta bar marayu ta wuce inda shari'a ta ajiye ta. Matanmu su fito da wuri, hukuma kuma ta tanadi wanda zai karɓe su in sun fito. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ji ƙan waɗanda suka rigaya, ya kuma ba shugabanninmu ikon cika aikin da suka fara, amin.